Fuskar da kake gani in kana karanta littafi, daga ina take fitowa?

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga gidanmu a unguwar Bagalam ta Maradi na iske gardama ta kaure tsakanin ƙanwata da matar yayanmu, kuma ba a kan komai ba sai a kan wata yarinya da ba a taɓa haihuwa ba, jarumar wani littafin soyayya da suke bi a gurup ɗin WhatsApp, kullum da dare marubuciyar na sako musu shafi biyu ko uku. Ƙanwata ta dage yarinyar fara ce sol. Matar yaya ta ce wallahi baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, har ma tana ganinta sak wata ƴar Tibiri da suka yi lakwal tare. Ƙanwata ta juyo gare ni ta ce "Yaya don Allah raba mu, ni fa da idona na gani a littafin". Na ce to ku ba ni portabul ɗin. Muka koma tun shafin farko muna bi layi layi, kuma abin da marubuciyar ta faɗa a kan kamannin yarinyar nan duka-duka uku ne, doguwa ce, tana da wushirya, in ta ji kunya tana murza bakin mayafinta. Shi kenan fa. Babu fari babu baƙi. Dukansu biyu suka yi shiru, don kowacce ta yi imani ta karanta abin da ba a rubuta ba.

Tun ranar abin ke cina a rai, don ni ma tun ina CEG, wato ƙaramar sakandare, nake karance-karance, daga littattafan Kano da muke haya wajen masu saidawa a babbar kasuwa har zuwa na Faransanci da mushe, wato malaminmu, ke tilasta mana, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Marubuci baƙaƙe kawai ya aiko maka, tawada a kan takarda ko ƴan ɗigo a gilashin waya, babu launi babu murya babu ƙamshi, amma kai ga ka cikin wani tsakar gida kana jin ƙarar turmi kana ganin hayaƙi na tashi. To wa ya kawo turmin? Amsar da na tsaya a kanta ita ce kai ne, daga rumbunka ka ɗebo, marubuci mabuɗi kawai ya miƙo maka. Amma yadda abin ke gudana yana da ban mamaki ƙwarai, bari mu bi shi a hankali.

Farko dai karatu ba abu ne da aka haife mu da shi ba kamar gani ko ji. Rubutu bai fi shekara dubu biyar da wani abu ba a duniya, daga ƙasar Iraƙi ta yanzu da Masar, saboda haka ƙwaƙwalwa aro take yi, tana ɗaukar wani ɗan yanki a ɓangaren hagu ta baya wanda asalinsa na gane siffofin abubuwa ne ta koya mishi gane baƙaƙe. Wani masani Bafaranshe Stanislas Dehaene ya yi aiki sosai a kan wanga yanki. Kuma idonka ba tafiya yake sumul a kan layi ba kamar yadda kake ji, tsalle yake yi kamar fara, ya dira ya tsaya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sakan, ya sake tsalle. Cikin wannan ɗan tsayin an gane kalmar, an ciro ma'anarta, an haɗa ta da ta baya. Duk wannan shimfiɗa ce kawai, abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke biyo bayan ma'anar.

A 2004 wasu masana a Kambirij ta Ingila, Olaf Hauk da Friedemann Pulvermüller da abokiyar aikinsu, suka sa mutane cikin na'urar nan mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka ba su kalmomi su karanta a zuci ba tare da sun motsa ko yatsa ba. Kalmomin aiki ne irin su lasa, ɗauka, shura. Sai aka ga in mutum ya karanta kalmar shuri, wajen da ke kula da motsin ƙafa ne ke farkawa, in ta ɗauka ce sai wajen hannu, in ta lasa ce sai wajen baki da harshe. A 2006 kuma a ƙasar Sifen wasu suka gwada da kalmomin ƙamshi da wari irin su kirfa da tafarnuwa, sai ga yankin shaƙa ya motsa alhali babu abin da aka kai musu hanci. Ka gwada da kanka yanzu: tsamiya. Ɗanyar tsamiya da ka ɓare ka sa a baki. In yawu ya taru maka to ka ga abin da ake nufi, ba sai an kai ka Ingila ba. A 2009 Nicole Speer da Jeffrey Zacks a Amurka suka wuce kalma ɗaya ɗaya suka ba mutane labari sukutum, suka ga in jarumin labarin ya canza wuri yankunan da ke kula da wuri ne ke aiki, in ya ɗauki wani abu na hannu ne ke aiki, wato mai karatu na kwance a kan tabarma amma cikin kansa ana ɗan kwaikwayon abin da ke faruwa.

Akwai wani gwaji da na fi so duka saboda sauƙinsa, na Rolf Zwaan da abokan aikinsa a 2002. Za a ba ka jimla, an ga gaggafa a sararin sama, ko kuma an ga gaggafa cikin sheƙarta, sai a nuna maka hoton tsuntsun a ce wannan yana cikin jimlar ko babu. Wanda ya karanta ta sama ya fi saurin cewa e in hoton mai buɗaɗɗun fukafukai ne, wanda ya karanta ta sheƙa ya fi sauri in fukafukan a naɗe suke. Ka lura babu inda jimlar ta ambaci fukafuki. Mai karatu ne ya buɗe su ko ya naɗe su da kansa, cikin ƙiftawar ido, bai ma san ya yi ba. Daidai abin da ya faru da ƙanwata kenan, ta shafa ma yarinya fari ba ta san ta shafa ba, daga baya ta rantse a littafi ta gani.

Sai dai kar mu yi gaggawa, motsin wani yanki na ƙwaƙwalwa daban, ganin hoto tar a idon zuci daban. Zan dawo kan wannan in na zo maganar abokina na fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi.

Yanzu maganar rumbu. A 1932 Frederic Bartlett, shi ma a Kambirij, ya wallafa wani aiki inda ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta asalin mutanen Arewacin Amurka, ya ce su karanta, bayan wani lokaci su sake ba da ita. Duk sanda suka maimaita sai labarin ya ƙara zama na Ingila, kwalekwalen mutanen can ya koma jirgin ruwa irin wanda suka sani, farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, abin da ba su gane ba na fatalwa wasu suka zubar da shi wasu suka yi mishi bayani irin nasu. Ba ƙarya suke ba, abin da ke rumbunsu suka ɗebo suka cike gurbi.

Da na karanta wannan sai na tuno kaina a aji muna karanta littattafan Faransa. In an ce dusar ƙanƙara ta rufe gari, ni wallahi hazon hunturu nake gani, irin na watan Janairu da ba ka hango ƙarshen gudron, sai dai na ɗan ƙara mishi fari. In an ce babban gidan sarauta na dutse, fadar Sarkin Katsinan Maradi ce ke zuwa mini da ƙofarta da dogarai. In an ce kurmi, ni gulbi nake gangarawa cikin inuwar mangwaro. Tabki kuwa ko a wace ƙasa yake Madarunfa ne. Har yau in littafi ya ce "kasuwa", ko ta Bagadaza ce ko ta Kano, ni ta ƙofar da na saba shiga babbar kasuwarmu nake shiga, masu atamfa na hannun dama. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na yi lissafi, duk gidajen da na taɓa shiga cikin littattafai, ɗaruruwa, a kaina ba su wuce gida huɗu ba. Gidanmu, gidan kawuna na Tibiri, gidan wani Alhaji da muke zuwa kallon tele muna yara, da wani gidan bene da na taɓa kwana a Yamai. In marubuci ya ce talaka ne sai gidan kawu ya fito da zaurensa da rijiyarsa, in ya ce attajiri sai gidan Alhaji. Wani lokaci marubuci zai ce ɗakin uwargida na hagu, ni kuma a gidan kawu yana dama, sai na ji wani ɗan cikas kamar na taka tsakuwa, na gyara na layi biyu, daga nan ɗakin ya sulale ya koma dama abinsa. Na tabbata da yawanku haka ne, ku dai bincika.

To amma hoton nan cikakke ne kamar na kamara? Ko kusa. Mu ne dai muke jin kamar cikakke ne. Ɗauki jarumin da ka fi so a duk littattafan da ka karanta, wanda kake jin ka san shi kamar ɗan unguwarku. Yaya kunnensa yake? Girarsa fa? Maɓalli nawa ne a rigarsa? Mafi yawanmu za mu ga babu, ko kuma sai yanzu da aka tambaya muke ƙirƙira. Abin da muke riƙe da shi ɗan kaɗan ne, tsayi, wata tafiya, wani murmushi, sauran duk hazo ne, kuma hazon bai dame mu ba don ba ma kallon wajen. Wani masanin falsafa ɗan ƙasar Folan, Roman Ingarden, tun 1931 ya yi bayanin cewa kowane ƙagaggen labari cike yake da guraben da ba a fayyace ba, kuma ba zai yiwu a cike su duka ba, don mutumin gaske ko ba ka duba ba yana da adadin gashin kansa, amma mutumin littafi ba shi da komai sai abin da aka faɗa da abin da kai ka ƙara.

Mu Hausawa ai mun daɗe da sanin wannan a aikace. Ku tuna Dodo. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta yi mana tatsuniya shekara da shekaru a tsakar gida bayan isha'i, an kashe fitila don kar kananzir ya ƙare, ta ce ga ta nan ga ta nanku mu ce ta zo mu ji ta, kuma ban taɓa jin ta tsaya ta ce Dodo tsayinsa kaza launinsa kaza ba. Muryarta kawai take kauraarawa, ta ce sai ga Dodo, ƙasa na girgiza. Shi kenan mu kuma mu ƙanƙame juna. Bayan gardamar nan ta Juma'a na bi ƴan uwana ɗaya ɗaya na tambaye su yaya Dodon Kaka yake. Yayanmu ya ce wani baƙin ƙato ne mai gashi har ƙasa kamar buzuzu. Ƙanwata ta ce ita kamar bijimi take ganinsa amma a tsaye da ƙafa biyu. Ni kuma nawa ba shi da fuska sam, wani duhu ne da ya fi duhun dare, yana fitowa daga bayan rumbun da ke kusurwar gidan, dama can wajen nake tsoro. Tabarma ɗaya, kaka ɗaya, murya ɗaya, Dodo uku. Kuma na yi imani da Kaka ta zana mana shi dalla-dalla da bai kai haka ban tsoro ba, don kowannenmu ya ɗebo abin da shi ya fi tsoro ne ya ba Dodo, abin da ita ba za ta taɓa sani ba. Haka Gizo, wani gizo-gizo yake gani, wani ɗan siririn mutum mai tsamin baki, wani kuma yana sauyawa tsakanin biyun cikin tatsuniya ɗaya ba tare da ya ji wani saɓani ba.

Duk da rashin cikar nan, hoton na da tsari na wuri, ba iska ba ne. A 1978 Stephen Kosslyn a Amurka ya sa mutane suka haddace taswirar wani tsibiri na ƙirƙira mai bukka da rijiya da bishiya da tabki, aka ɗauke taswirar, aka ce su tafi da idon zuci daga wani wuri zuwa wani. Wurin da ya fi nisa a taswira ya fi ɗaukarsu lokaci a zuci. Kamar dai a ce ka tashi a ranka daga tasha zuwa jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ai za ka ji kana ratsa hanya. Shi ya sa in marubuci ya rikita wuri, ya ce jaruma ta fita ta ƙofar da ɗazu ya ce bango ne, mai karatu yake jin haushi ko da bai san dalili ba.

Yanzu abokina. Da dare na kai maganar fada, ana dafa shayi, kowa na ba da nasa, wannan ya ce shi kamar fim yake gani har da launi, wancan ya ce shi muryoyi ya fi ji, kowane jarumi da irin muryarsa. Sai wani abokinmu tela, wanda ya fi mu duka cin littafi, ya ce "ku tsaya, wai da gaske kuke kuna GANI, ko dai salon magana ne?" Muka ce rufe idonka ka kawo fuskar mahaifiyarka. Ya rufe ya daɗe ya buɗe ya ce duhu kawai. Ya san tana da tsage, ya san siririya ce, in ya gan ta cikin mutum dubu zai gane ta nan take, amma babu hoto. Shekararsa talatin da wani abu yana zaton in mutane sun ce "na hango shi a raina" karin magana ce kawai. Jikina ya yi sanyi wallahi, don na ga yadda fuskarsa ta canza, kamar wanda aka gaya ma kowa na da wani ɗaki a gidansa shi kaɗai ne ba shi da shi.

Abin nan sananne ne. Tun 1880 Francis Galton a Ingila ya rarraba ma mutane tambayoyi ya ce su tuno teburin da suka karya kumallo a kai da safe su faɗi yadda hoton yake, da haske ko dishi-dishi, da launi ko babu. Wasu suka ce tar kamar yana gabansu, wasu kuma, ciki har da manyan masana kimiyya abokansa, suka ce su ba su san wani abu wai shi hoton zuci ba. Aka bar maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari. Sai wani likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman ya haɗu da wani dattijo ɗan shekara 65 da ya rasa hoton zucinsa bayan an yi mishi aiki a jijiyar zuciya, ya wallafa labarinsa a 2010, da labarin ya fita a wata mujalla sai mutane suka yi ta rubuto mishi suna cewa mu ai haka aka haife mu. A 2015, yana jami'ar Exeter, shi da abokan aikinsa suka raɗa ma abin suna afantaziya, daga kalmar Girkanci. Ƙiyasin da ake da shi, kusan mutum 1 cikin 100 ba ya ganin komai sam, in an haɗa da masu gani dishi-dishi ƙwarai abin ya kusa 4 cikin 100. Ka auna da yawan mutanen Maradi ka ga dubbai nawa ne. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda nasu hoton ke kusa da gani na zahiri.

Wani zai ce ta yaya aka san ba bambancin baki ba ne kawai, kowa abu ɗaya yake gani amma bayaninsa daban? Tambaya ce mai kyau kuma an gwada. Joel Pearson da ƴan ƙungiyarsa a Sidni ta Ostiraliya sun nuna a 2022 cewa in mai hoton zuci ya ƙiyasta abu mai haske, ƙwayar idonsa na tsukewa kamar da gaske haske ya shiga, mai afantaziya kuwa tasa ba ta motsawa. Kafin nan a 2021 sun yi wanda ya shafi karatu kai tsaye, aka zaunar da mutane a ɗaki mai duhu suna karanta labaran ban tsoro a gilashi, ana auna ɗan gumin da fata ke fitarwa in mutum ya tsorata. Masu hoton zuci gumi ya yi ta hawa, masu afantaziya layinsu ya miƙe shiru. Amma da aka nuna musu hotunan ban tsoro na gaske dukansu suka amsa iri ɗaya. Wato ba rashin tsoro ba ne ko taurin rai, hoton ne ke zama gada tsakanin kalma da jiki, su kuma ta wata hanyar suke bi.

Na tambayi abokina to kai me kake samu a littafi da har kake hana kanka barci? Ya ce shi mutane yake bi, wa ya ci amanar wa, me wance ke ɓoyewa, me zai faru in mijin ya sani, kuma zancen da ke tsakaninsu yana shiga ransa sosai, akwai littafin da ya sa shi hawaye. In ya zo wajen da aka tsaya siffanta falo da labule da kujeru tsallakewa yake, don a wajensa kamar lissafin kayan butik ne. Kuma mutumin nan tela ne fa, yana yanka yadi ya fitar da riga daidai jikin mutum, hannunsa da tef ɗinsa sun sani. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar mai finafinan zane, ya bayyana a 2019 cewa shi ma haka yake, har ya gano wasu gwanayen masu zane ma haka suke. Don haka ba ciwo ba ne, ba kuma aikin iska ba ne da za a ce a nemi magani. Kuma ina roƙo kar kowa ya fassara abin nan da makantar zuci, mun san abin da wannan kalma ke nufi a wajenmu da a addini, kuma zalunci ne a liƙa ma mutum ita saboda yadda Allah ya tsara ƙwaƙwalwarsa.

A nan ne nake da magana da marubutanmu, musamman masu tasowa a WhatsApp da Wattpad, kuma da ƙauna nake yi don ina karanta ku. Kun saba in jaruma ta shigo sai a tsaida labari a yi shafi guda, dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, haƙora kamar ƙanƙara, leshi na jaka kaza, takalmi kaza, jaka kaza, turare kaza. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci guda, masana irin su Nelson Cowan sun ce kusan huɗu ne, to kafin a kai takalmi hanci ya zube. Kuma da yake siffofin nan iri ɗaya ne a littafi ɗari, ba sa buɗe komai a rumbun mai karatu sai wata ƴar tsana da ya gaji da gani. Dubi marubuciyar da ta haddasa gardamar gidanmu, abu uku ta bayar kuma ɗaya daga ciki motsi ne, murza bakin mayafi. Wannan motsin shi ya rayar da yarinyar, don kowa ya taɓa ganin wata na yin haka, sai ya ɗebo wadda ya sani ɗungurungum ya saka. A ganina ita ta fi gwaninta nesa ba kusa ba. Abu na biyu, in akwai siffar da labarinka ya dogara a kanta, faɗe ta da wuri. Mai karatu ba ya jiranka, a layin farko ya riga ya gina mutum, in ka zo babi na goma ka ce ashe gajere ne mai sanƙo, ba zai karɓa ba, nasa zai ci gaba da gani.

Sai hotunan da ake mannawa a bangon littafi ko a saman kowane shafi, a ɗauko wata ƴar fim ta Indiya ko ta Kano a ce ga jaruma. Ni wannan yana ɓata mini rai. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan haka yake ba ragi, hoton ido ya fi na zuci ƙarfi da cika, da zarar ka gan shi ya zauna, naka ya gudu kuma da wuya ya dawo. Duk wanda ya karanta labari sannan ya kalli fim ɗinsa ya san wannan rashi, ka koma littafin ka nemi mutumin da ka gina da kanka ka iske ɗan wasa zaune a wurinsa. Littattafan da ake karantawa a rediyo ko a YouTube sun fi mini sauƙi, don mai karantawa murya kawai ya ɗauke maka, fuska da gida da hanya duk ya bar maka, kamar dai Kaka.

Abin da ya fi damuna duka shi ne yara. Yaron da ke CE1 ko CE2, ƙananan azuzuwan firamare, yana haɗa baƙaƙe da ƙyar cikin Faransancin da bai ji ba, duk ƙarfin kansa ya tafi wajen fitar da sauti, babu abin da ya rage na buɗe rumbu, kuma ko ya rage kalmar ba ta da mabuɗin, don bai taɓa rayuwa cikinta ba. Zai karanta shafi daidai mushe ya ce madalla, ka tambaye shi me ya faru ya yi shiru. Sai a ce ba ya son karatu, alhali bai taɓa ɗanɗana abin da ke sa mutum son karatu ba. Yaron nan dai ka ce mishi "hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso, ƙamshin ƙasa ya cika gari, Inna na kiran a kwashe shanya", ka kalli idonsa. Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, babban burina shi ne labarai na Hausa masu daɗi su isa hannun yara a aji da gida, ba littafin koyon baƙaƙe kaɗai ba.

Na fara gwadawa da ɗiyar yayanmu mai shekara bakwai. Da dare in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ina karanta mata ɗan labari a waya, in tsaya a tsakiya in ce ƙofar gidan nan wane launi ce, tsohuwar nan da wa take kama? Ranar farko ta ce "Baba ƙarami ai ba a faɗa ba". Na ce e ba a faɗa ba, ke me kika gani? Ta yi jim ta ce ƙofar shuɗiya ce ta langa-langa, tsohuwar kuma mai saida ƙosai ce ta bakin lakwal ɗinsu. Ƙanenta mai shekara biyar da muka zaci barci yake ya ɗago kai ya ce a'a ja ce ƙofar. Na bar kowa da tasa, muka ci gaba da labarin.